Rubutun Gefen Shafi

Ranar da Manaja ya tara ma'aikata don a yi musu bayanin sabuwar manhaja, Sakatariya ce ta jera kujeru, ita ce kuma ta ɗauki ta ƙarshe, can kusa da ƙofa. Ofishin na masu auna filaye ne, a hawa na biyu, saman wani shagon sayar da taya. Su tara ne a ciki, kuma shekara goma sha shida ke nan duk rahoton da zai fita da hatimin ofishin sai ya bi ta ƙarƙashin yatsunta.

Injiniya ne mai bayani, wani dattijo mai furfura a gemu da ke zuwa duk Talata ya duba musu kwamfutoci. Ya haska bango da majigi, sai ga wata alama rawaya a inda suka saba ganin shuɗiya. Manhajar da suke buga takardu a cikinta, suke kuma ajiye su, tana da wani dogon suna da ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa a kai. Shuɗiya kawai suke ce mata. Takardun ma ba a cikin kwamfutocinsu suke kwana ba, suna can a rumbun kamfanin da ya yi manhajar, wurin da Injiniya ke kira gajimare. To, kamfanin ne ya wayi gari ya sake mata suna, ya sake mata launi, kamar yadda kamfanoni suka saba yi idan zaman lafiya ya ishe su.

"Rawaya ke nan," in ji Mai Zane, mai zana musu taswirar filaye, wadda ba a taɓa yin taro bakinta ya huta ba. Sunan kuwa ya zauna tun daga nan.

"Kada kowa ya tayar da hankalinsa," in ji Injiniya. "Gidan nan ne dai da kuka sani, fenti aka yi masa, aka ƙara ɗakuna. Wurin ajiya ya ninka sau goma. Za ku iya yin taro da mutanenku suna can daji suna awo, kuna ganin fuskokinsu. Kowa zai samu ƙofarsa da mabuɗinsa, a daina ara wa juna kalmar sirri. Akwai kuma wata mataimakiya a ciki, ka faɗa mata abin da kake so, ta rubuta maka wasiƙa kafin shayinka ya huce."

"Tana zuwa kasuwa?" in ji Mai Zane. "In tana zuwa, ni a ba ni biyu."

Aka yi dariya, ban da Sakatariya. Ta ɗaga hannu rabi, ta sauke, ta sake ɗagawa.

"Injiniya, duk abin da ke cikin tsohuwar zai biyo mu?"

"Duka, Malama. Har rahoton da kika buga ranar da kika fara aiki."

"Duka dai?"

"Akwai wani abu na musamman da kike tunani?"

Kawuna suka juyo wajenta. "A'a," ta ce. "Tambaya ce kawai."

Ba tambaya ba ce kawai. Amma sai an koma baya kaɗan za a gane.

A ofishin nan akwai wata ƙa'ida da ta girmi kowa: ba mai sa hannu a rubutun wani. In ka ga kuskure, sai ka rubuta a gefen shafi, mai rubutun ya gyara da kansa, sannan ya danna wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa "An gama". Da an danna, rubutun gefen ya ɓuya. Ba gogewa yake yi ba. Yana komawa ne bayan wata 'yar alamar agogo da ke kusurwar sama, inda ba mai leƙawa, don ba wanda ke da lokacin karanta kuskuren da aka riga aka gyara.

Mai duba rahotanni a wancan zamanin wani dogon mutum ne mara fara'a, ana ce masa Jan Biro, don tun ana aiki da takarda ba ya rabuwa da shi. Shekararta ta farko ba abin da ta sha a hannunsa sai "lambar ta karkace", "ba haka ake rubuta sunan layin ba", "a sake". Ta tsane shi har cikin ranta, ko takunsa ta ji a matakala sai ta sha mur. Sai wata rana, a gefen wani rahoto mai shafi talatin, ta tarar da rubutu guda ɗaya tak: "Na duba sau uku ina neman abin da zan ce miki, ban samu ba. Raina ya ɓaci." Dariya ta ƙwace mata. Ta waiga ko wani ya gani, ta yi maza ta danna "An gama".

Daga nan abin ya ɗore. A baki, bawan Allahn nan ba ya iya komai. Zai wuce ta gaban teburinta da gaisuwa guda, ita ma kamar an matse shi ya yi ta. Amma a gefen shafi, tsakanin tsawon fili da faɗinsa, sai ya zama wani mutum dabam, mai zolaya, mai lura da abin da ba ta zaci yana gani ba. Ita kuma tun kafin ta kai ƙarshen layi yatsanta na kan maɓalli, don rahoto kowa na iya buɗe shi, kuma da a ce Mai Zane ta yi ido biyu da ko guda, gara ƙasa ta tsage ta shige. Aka yi aurensu. Aka haifi 'ya mace, wadda ake kira Tilo don ba a ƙara ba. Bai canja ba. A gida zai zauna bayan jarida, ta yi magana goma ya amsa biyu da "to". Washegari ta je ofis ta tarar da amsar sauran takwas ɗin a gefen rahoton wata gona.

Shekara takwas suka yi a haka, sannan ciwon ƙirji ya ɗauke shi, Tilo tana shekara bakwai. Bai bar wasiƙa ko ɗaya a gida ba. Hotunansa uku ne, a dukansu ya ɗaure fuska. Duk abin da ya bari yana bayan alamar agogon nan. Shi ya sa shekara bakwai ke nan Sakatariya take riga kowa zuwa da rabin awa, ta buɗe wani tsohon rahoto, ta danna agogon, ta karanta biyu ko uku, ta rufe, sannan ta ɗora ruwan shayi. Ba ta taɓa ƙirga su ba, amma sun haura dubu. Ba ta taɓa buga su a takarda ba, don firinta a bakin ƙofar Manaja take, kuma takarda in ta fito ba ta da sirri. Ba ta ɗauke su hoto da waya ba. Ta sha cewa za ta yi, amma abin da yake nan kullum ba ya sa mutum gaggawa.

Tilo kuwa abin da take tunawa kaɗan ne: ƙafafu biyu a ƙarƙashin jarida, da tari. Tana shekara goma sha biyu, wata rana suna wanke kwanuka, ta tambaya ba tare da ta ɗago ba, "Mama, Baba yana sonmu kuwa?" Sai da kofi ya kusa suɓuce wa uwar. Ta ce mata babanta yana da wurin da yake magana, ba a gida ba ne. Ta ce in ta gama jarrabawar aji uku na sakandare, za ta kai ta ofis wata Asabar ta gani da idonta. Ta sa lokacin da nisa ne don ta samu ta zaɓi waɗanda suka dace da idon 'ya. Tilo ba ta sake tayar da zancen ba, amma ba ta manta ba, uwar ma ta san ba ta manta ba. Ranar taron Injiniya, saura wata biyu a gama jarrabawar.

An yi ƙaurar ne a ƙarshen mako. Ranar Litinin Sakatariya ta hau matakala tun mai shagon taya bai buɗe ba. Komai ya koma rawaya. Abubuwan da ke hagu sun koma dama, na sama sun sauko ƙasa, a kusurwa kuma ga wata 'yar tauraruwa tana ƙyafta ido, ita ce mataimakiyar. Rahotannin suna nan, Injiniya bai yi ƙarya ba. Ta buɗe na wata makaranta da suka auna shekarar da aka haifi Tilo, ta kai linzamin kwamfuta kusurwar sama. Babu agogo.

Ba ta tayar da hankalinta sosai ba, don a makon nan kowa neman wani abu yake yi. Manaja ya rasa inda ake sa hannu, ya yi ta faɗa da allo har ya shaƙe. Mai Zane ta yi rantsuwa an sace maɓallin ajiya, sai da aka gaya mata Rawaya da kanta take ajiyewa. "Ashe mai hankali ce," in ji ta, "ta fi mijina." Sakatariya ta ce a ranta agogon ma wani lungu aka mayar da shi. Ta shiga nema. Kullum da safe, rabin awar da take karatu ta koma rabin awar laluba. Ta bi kowane jeri, ta danna kowace alama, har da waɗanda suka buɗe mata kyamara ta ga fuskarta a allo ta razana. Gefen shafukan fes suke, kamar ba a taɓa rubuta komai a kansu ba.

A mako na biyu ta yi ta maza ta tambayi mataimakiyar, tunda ita ba mutum ba ce balle a ji kunyarta. Ta rubuta mata cewa tana neman tsofaffin rubutun gefe na wani ma'aikaci da ya rasu. Amsa ta fito nan take, cikin fara'a. Ta ce tana yi mata ta'aziyya, ba ta ga rubutun gefe a wannan takardar ba, amma in tana so za ta iya rubuta mata saƙo mai sanyaya zuciya irin wanda abokin aiki zai bari. Ta ma kawo samfuri uku. Sakatariya ta karanta layin farko kawai. Ta rufe, ta tafi banɗaki ta daɗe tana wanke hannu.

Injiniya yana zuwa duk Talata, kuma duk Talata sai ta kai masa shayi. Nan ne abin yake ba da haushi. Ga mutum zaune, tazarar taku uku, wanda aikinsa ke nan, amma ta ajiye kofi ta ce "sannu da aiki" ta koma kujerarta. Me za ta ce? In ta ce tana neman tsofaffin gyare-gyare, zai ce na me, rahotannin ai an daɗe da miƙa su. In ta faɗi gaskiya, zai buɗe a gabanta, ya karanta, watakila Mai Zane na tsaye a bayansa. Mace mai shekara arba'in da huɗu, uwar budurwa, a ce tana ɓoye da kalaman soyayya a cikin rahoton filaye. Talata ta uku ta kai har bakin teburinsa, ta ce, "Injiniya, dama..." sai Manaja ya leƙo yana neman wani fayil, ta haɗiye maganar. Talata ta huɗu ma ta wuce. Ta biyar bai zo ba, an ce mura yake yi.

A ta shida ne ta ga ba dama, don Tilo ta fara jarrabawa, har ta soma tambayar wace riga ta dace da zuwa ofis. Sakatariya ta bari sai da ya tattara kayansa, ta bi shi matakala, ta tsayar da shi a ƙasa, gefen tulin tayoyi, inda ƙarar injin hura iska za ta rufe muryarta. Ta faɗa masa. Ba ta kalle shi ba, tayoyin take kallo. Ta fara da agogon, ta ƙare da Jan Biro, a tsakani kuma ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa ko 'yar'uwarta ba.

Injiniya ya sauke jakarsa a ƙasa.

"Waɗanda kika rufe?" ya ce.

"Duka na rufe. Da na karanta nake rufewa."

Ya shafa gemunsa. "Malama, ranar ƙaura akwai wata tambaya da ta fito, wai a taho da rubutun gefen da aka riga aka rufe ko a bar su. In an ce a taho da su, aikin zai ƙara kwana biyu. Na kira Manaja, ya ce tsofaffin kurakurai ne, shara ce, a bar su. Ni ma haka na ɗauka."

"To suna can ke nan. A tsohuwar."

"Shuɗiya ce ke ajiye abu har abada. Wannan ba haka take ba. Ko yau kika rufe rubutu, kwana talatin take ba shi, ta share. Tsohon rumbun ma kwana talatin suka bar shi a buɗe, ko wani ya manta wani abu." Ya ciro waya, ya duba kwanan wata, ya ƙirga da babban yatsa, ya sake ƙirgawa. "Ya cika kwana takwas da suka wuce."

Mai shago ya kashe injinsa, wurin ya yi tsit.

"Sau huɗu na zo a cikin kwanakin nan," in ji Injiniya. Ba faɗa yake yi ba, muryarsa a ƙasa take. "Kin ba ni shayi sau huɗu. Aikin minti biyar ne, Malama. Ba sai na karanta ba ma. Me ya hana ki faɗa?"

Duk amsar da za ta bayar ba ta fi ƙarfin kwana takwas ba.

Ya ce zai rubuta wa kamfanin, amma kada ta sa rai. Ya ce Allah ya jiƙan Jan Biro, ko shi Injiniya, marigayin ya taɓa mayar masa da takarda sau uku a kan kwanan wata. Ya ɗauki jakarsa ya tafi, ita kuma ta hau sama ta buga wasiƙu huɗu ba kuskure ko ɗaya, don hannu ba ruwansa da abin da zuciya ke ciki.

Amsar kamfani ta zo bayan kwana tara. Injiniya ya zo takanas duk da ba Talata ba ce, ya bugo ta a takarda, ya ninke huɗu, ya ajiye mata a ƙarƙashin kofin shayi. Doguwa ce, mai ladabi. Sun gode da ta kasance tare da su tsawon shekaru. Sun ce an share tsohon rumbun gaba ɗaya, ta yadda ko su kansu ba za su iya dawo da komai ba, kuma sun yi haka ne don kare sirrin masu amfani da manhajar. Daga nan suka jero mata abubuwa bakwai da sabuwar ta fi tsohuwar da su. A ƙasa akwai fuskoki biyar, daga mai murmushi zuwa mai ɓacin rai, wai ta zaɓi wadda ta dace da yadda aka taimake ta. Sirrinta dai an kare shi, ba wanda zai ƙara ganinsa.

"Akwai abu ɗaya," in ji Injiniya, bayan kowa ya fita cin abinci. "Duk rubutun da ba a rufe ba ya biyo mu. Na bincika da tsohon asusun Jan Biro. Guda biyar ne, a rahoto ɗaya." Ya rubuta mata lambar rahoton a bayan takardar.

Ta kalli lambar. Ta san rahoton. Na wani fili ne a bayan tashar mota, wanda masu shi suka fasa aikin, ba a taɓa kammala shi ba. Makon da ake bugansa ne ita da mijinta suka yi faɗan da ya fi kowanne. Tari ya ci ƙarfinsa, ta ce ya je asibiti, ya ce ba komai, ta ce to ba za ta ƙara yi masa magana ba sai ya je. A gida ta yi masa shiru, a ofis ma ta yi masa shiru. Ya yi rubutu a gefe, ta karanta, ta bar su nan a buɗe don ya san ta gani ta ƙi kulawa. Mako na gaba aka kwantar da shi, bai sake hawa matakalar nan ba. Shekara bakwai ba ta buɗe wannan rahoton ba.

Ta buɗe shi ranar, ta karanta, ta rufe. Ta yi tunanin danna musu "An gama" don kada Tilo ta gani, sai ta tuna Rawaya kwana talatin take bayarwa, kuma su ke nan suka rage a duniya daga abin da hannunsa ya rubuta mata. Ta yi tunanin ta zauna ta rubuta waɗanda take tunawa a gefen wani rahoto, amma sabuwar manhajar kowa da ƙofarsa, duk abin da ta rubuta da sunanta zai fito, da kwanan watan yau. Ta yi tunanin ta ce wa Tilo an hana shiga ofis ranar Asabar. Ta dawo gida da wannan ƙaryar a bakinta, ta tarar yarinyar ta gama jarrabawa, ta goge farar rigarta ta rataye a bayan ƙofa tun ranar Alhamis.

Asabar da hantsi suka hau matakala. Ofis ba kowa, sai ƙamshin roba da ke tasowa daga ƙasa. A tsakiyar matakala uwar ta tsaya kamar numfashi take mayarwa.

"Tilo, an canja mana manhaja. Abubuwa da yawa sun ɓata a wajen ƙaura."

"Na Baba?"

"Da yawa daga ciki."

"Amma akwai saura?"

"Akwai."

"To ai shi ke nan, Mama. Ko ɗaya ne ina so in gani."

Ta zaunar da ita a kujerarta, ta rage mata tsayin kujerar duk da ba ta buƙata, don yarinyar ta kusa kamo ta. Ta kunna kwamfuta, ta buga lambar rahoton. Rubutun biyar suka jeru a gefen dama, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A da, sunansa ne ke saman kowanne, da ɗan hotonsa. Yanzu da'ira ce ruwan toka, a gefenta an rubuta "Mai amfani da aka cire".

"Shi ne wannan?"

"Shi ne."

Tilo ta matso da fuskarta. Tana karatu leɓɓanta na motsi, halin da ba ta rabu da shi ba tun tana ƙarama.

"Lambar filin ba daidai ba ce. Sau nawa zan faɗa?"

"Wannan shafin ba mai iya karanta shi."

"In hankalinki ba ya kan aikin, ki miƙa wa wani."

"Kwana uku ke nan ba ki rufe ko ɗaya ba."

"A sake duka."

Uwar tana tsaye a bayanta, idonta a kan na huɗun. Wancan lokacin da fushi ta karanta shi. Yanzu ne ta ji abin da yake cewa. Mutum ne mara lafiya, mai nauyin baki, yana leƙa rahoto kullum da safe ko matarsa ta amsa, bai kuma san wata hanyar roƙo ba sai wannan. Ta dafa bayan kujerar.

Tilo ta kai ƙasa, ta koma sama, ta juya linzami ko akwai wani a ɓoye. Babu.

"Haka yake yi miki magana?"

"A'a. Wannan makon mun yi faɗa ne, kuma ba shi da lafiya. Sauran ba haka suke ba. Sun fi dubu, Tilo."

"Me yake cewa a cikinsu?"

Tana tuna da yawa. Ta san rahoton da kowanne yake, har shafin. Ta zaɓi wanda za a iya faɗa wa 'ya, ta gyara murya.

"Akwai lokacin da na ɗauki hutu. Da na dawo na tarar ya rubuta, wai tun da na tafi ofis ya zama kamar an kwashe kujeru, kowa a tsaye yake yini."

A allo, da sunansa a sama, wannan layin ya sa ta kuka ba sau ɗaya ba. A bakinta kuwa ya fito a sanyaye, irin maganar da kowace uwa za ta iya haɗawa a tsaye don ta rarrashi marainiya. Ita da kanta ta ji haka. Ta yi sauri ta ƙara wani, ta rikice a tsakiya, ta ce a'a ba haka ya faɗa ba, ta sake farawa. Tilo ba ta katse ta ba. Ta saurara har ƙarshe, idonta yana komawa kan allo, inda rubutun yake baƙi a kan fari.

Sannan ta miƙe, ta kama hannun uwarta da hannu biyu, a hankali, yadda ake kama hannun wanda ya daɗe yana shan wuya shi kaɗai.

"Mama, ba sai kin rufa masa asiri ba. Na girma." Ta yi ɗan murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Dama na sani. Ki yi haƙuri da na matsa miki."

"Tilo, wallahi..."

"Na sani, Mama. Ba komai. Mu je gida."

Ita ce ta kashe kwamfutar, ta mayar da kujera wurinta. A matakala ta karɓi jakar uwar ta rataya, ta riƙa waigowa tana ce mata ta bi a hankali. Daga ranar ta ƙara yi wa uwarta biyayya da tausayi fiye da da, kuma ba ta sake tambaya a kan ubanta ba.